Tun ran gini, ran zane: yadda shagon tsire ya maƙale tsakanin lasisi biyu a Jidda

Filin mita 20 ne a fuska, 25 a zurfi, a wata unguwa mai tsari da ke gabashin Jidda. A kan kusurwa yake: gabansa titi mai faɗin mita 30 wanda baladiyya, wato hukumar gari, ta lissafa cikin titunan kasuwanci, gefensa kuma ƙaramin layi na gidajen kwana. Mahaifinsu ya saye shi tun wurin bai cika ba, ya rasu bai aza ko bulo ɗaya ba. Magada takwas ya bari, uwa da maza huɗu da mata uku, duka 'yan ƙasa, jikokin Hausawan da suka zo aikin Hajji suka zauna. Da rusau ɗin tsofaffin unguwannin Jidda, wanda ya fara a ƙarshen 2021 ya ci gaba cikin 2022, ya haɗa da gidan da suka tashi a ciki, sai suka yanke shawarar zuba diyyar a wannan fili: shaguna uku a ƙasa, hawa biyu na gidajen haya a sama. Shago ɗaya na gida ne, za a buɗe wurin tsire, wanda mutanen Hijaz suka ara daga bakin Hausawa suke ce masa siriya.

Ginin ya tsaya, an yi fenti, an sa tagogi. Amma shagon tsiren ya kusa shekara a rufe bayan haka, ba don an rasa kuɗi ko nama ba. Takardu biyu ne ba su yarda da juna ba: lasisin gini da lasisin sana'a. Na biyun daga na farkon yake karanta komai, kuma na farkon ba a gaya masa gaskiyar abin da za a yi a shagon ba.

Sakki da wakilci

Kafin zancen zane ma ya taso, wata huɗu suka tafi a kan takardar mallaka. Sakkin filin, wato takardar mallakarsa, na takarda ne, tsoho, da sunan mamaci. Manhajar Balady, wadda ta nan ake neman kusan duk lasisin baladiyya a Saudiyya, tana son sakki na lantarki wanda aka sabunta, kuma mai nema ya zama mai shi ko wakilinsa na shari'a. Don haka sai da aka fitar da takardar ƙidaya magada, wadda ake kira hasrul warasa, aka sabunta sakkin ta hanyar Ma'aikatar Shari'a, sannan kowane magaji ya ba babban wansu wakilci ta manhajar Najiz.

A nan aka yi tuntuɓe na farko, ƙarami amma mai cin lokaci. Wakilcin da aka fara rubutawa na saye da sayarwa da karɓar haya ne, irin wanda mutane suka saba zaɓa ba tare da karanta sauran layukan ba. Bai ambaci bibiyar amana, wato babbar hukumar birnin, da baladiyya ba, bai ambaci fitar da lasisin gini ko ƙulla yarjejeniya da ofishin injiniyoyi da ɗan kwangila ba. Wakilci a nan abin da aka rubuta a cikinsa kaɗai yake ɗauka. Dole aka sake bin mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya, har da ƙanwar da ke aure a Madina da tsohuwar da ba ta iya shiga Nafath, manhajar tantance mutum ta gwamnati, sai jika ya riƙe mata waya. Da a ce akwai ƙaramin yaro cikin magadan, da sai an ƙara da takardar walicci daga kotu. Wanda zai yi wa dangi wakilci ya kamata ya zauna da injiniya ko lauya su jera duk abin da za a taɓa, daga awon fili har mitar wuta, a rubuta sau ɗaya.

Sai awo. Ofishin safiyo da ke da rajista a Balady ya zo ya auna, domin a fitar da abin da ake kira ƙarar masahi, takardar da ke daidaita abin da sakki ya faɗa da abin da ke ƙasa da kuma taswirar unguwa. Awon ya nuna katangar maƙwabcin baya ta shigo kusan santimita 40. An yi ta ce-ce-ku-ce a gida, wasu na cewa a kai ƙara. Injiniyan ya ba su lissafi: ƙara za ta tsayar da komai har a yanke hukunci, alhali wannan tsirin yana cikin ja-baya, wato tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da iyakar fili, inda dama can ba za a gina ba. Suka rubuta yarjejeniya da maƙwabcin, aka tsara ginin a kan abin da ya tabbata. A ganina sun yi daidai.

Tambayar da aka amsa da wasa

Mai fili ba ya shigar da neman lasisin gini da hannunsa daga farko har ƙarshe. Yana zaɓar ofishin injiniyoyi mai izini, ofishin ya yi zane bisa Kundin Gini na Saudiyya da sharuɗɗan amanar birnin, ya ɗora a Balady. Kundin sassa-sassa ne: 201 na gini gaba ɗaya, 303 na ƙasa da harsashi, 304 na kankare, 401 na lantarki, 501 na injuna da iska, 701 na bututun ruwa, 801 na kariya daga gobara. Tun daga 1 ga Yulin 2021 ya hau kan gidajen kwana ma, balle gini irin wannan mai shaguna a ƙasa. Tare da zanen ana haɗa rahoton gwajin ƙasa, yarjejeniya da ofishin da zai sa ido, yarjejeniya da ɗan kwangila mai rajista, da takardar inshorar ɓoyayyun aibobi, wadda ke ɗaukar abin da ya shafi ƙashin gini har shekara goma. A ƙa'ida ɗan kwangila ke yin inshorar, amma kowa ya san kuɗin cikin aljihun mai gida yake komawa.

Ranar da aka zauna a ofis, taswira a buɗe a kwamfuta, injiniyan ya nuna ƙasan ginin da bakin biro.

"Alhaji, shagunan nan uku, me za a riƙa yi a cikinsu?"

"Muhandis, shago ai shago ne. Ka zana mana uku daidai wa daida, wanda ya zo ya kama."

Ƙaramin ƙanen ya sa baki: "Yaya, ba ka gaya masa na tsiren ba?"

"Bari mu ga ginin ya tashi tukuna. Tsire tukuba ce da gawayi, ko a ina aka sa ta za ta zauna."

Injiniyan ya rubuta shagunan sayar da kaya, ya wuce. Shi ma yana da nasa laifin, don ya ji kalmar tsire da kunnensa bai tsaya ya tona ba. Amma abin da mai gini ya faɗa shi ake zanawa, kuma daga wannan layi ɗaya aka lissafa abubuwa da yawa da ba sa gyaruwa cikin sauƙi bayan an zuba kankare.

Shagon sayar da yadi ko turare buƙatarsa kaɗan ce: fitilu, na'urar sanyaya ɗaki, banɗaki ɗaya, abin kashe gobara na hannu. Wurin gasa nama da gawayi wata duniya ce daban. Yana buƙatar rumfar zuƙe hayaƙi a saman tukuba, da bututun da zai ɗauki hayaƙin har ya zarce rufin ginin, ba ya fito ta fuskar titi ko ƙarƙashin tagar mai haya ba. Bututun nan hanya yake so, rami a tsaye da ke ratsa dakalin kowane hawa, an kewaye shi da abin da wuta ba ta ci, da ƙofofin da za a buɗe a kankare maiƙo. Idan an zana shi tun farko, ɗan lungu ne da bai kai faɗin ƙofar ɗaki ba, ana barinsa a kusa da matakala ko bayan kicin. Idan ba a zana ba, sai a tarar da rodi da bim da ɗakin kwanan wani a daidai inda ya kamata ya bi. Haka ruwan wanke-wanke: ba a yarda ya shiga magudanar gari da kitsensa ba, sai ya bi ta tarkon maiƙo, kuma tarkon yana son bututu na daban mai gangara, da wurin da motar kwashewa za ta iya kaiwa. Ga nauyin wuta, domin firji da firiza da injin zuƙe hayaƙi da mai mayar da iska sun ninka abin da aka ware wa shagon yadi. Ga wurin ajiye motoci, wanda ake lissafawa da irin sana'ar da faɗin wurin, kuma gidan abinci ya fi shagon kaya ci.

Ja-bayan gaba ma ya shigo lissafin. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin titi, don haka a titi mai mita 30 an bar mita 6 a gaba, kuma nan ne wurin motoci. Masu shi sun ɗauka filin banza ne da za su kafa tukuba da kujeru da yamma, kamar yadda aka saba a tsohuwar unguwa. Ba a yarda ba. Abin da aka lissafa wa motoci a lasisi na motoci ne, sa kaya a cikinsa laifi ne mai tara.

Gwajin ƙasa ya zo da nasa labarin, amma wannan an yi shi yadda ya kamata. Ƙasar Jidda a wurare da yawa ruwa a kusa yake, ga gishiri mai cin rodi da kankare. Rahoton ya ba da shawarar harsashi shimfiɗaɗɗe, wanda magina ke kira labsha, da siminti mai jure gishiri a duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, da shafen hana ruwa. Kuɗin ya ƙaru, aka biya. An kuma duba ko filin na kan hanyar ruwa, abin da ba wanda ke wasa da shi a gabashin Jidda tun ambaliyar Nuwamban 2009. Da takardu suka cika, aka fitar da lambar biya ta Sadad, tsarin biyan kuɗi ta banki, aka biya, lasisi ya fito. Wannan matakin, wanda mutane suka fi tsoro, shi ne ya fi sauri a duk tafiyar.

Rabin benen da babu shi a zane

Aikin ya tafi lafiya har dakalin farko. An killace wurin, an kafa allon da ke nuna lambar lasisi da sunan ɗan kwangila da mai sa ido, an ajiye kwandon ɓaraguzai na kamfanin kwashewa. Da zafi ya shigo aka koma zuba kankare da dare, saboda an hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, kuma kankaren da aka zuba da tsakar rana a wannan yanayi saurin bushewa yake ya tsage. Ana ɗibar samfuri a kowane zubi, a matse shi a kwana 7 da kwana 28. Ofishin sa ido yana duba rodi kafin a rufe shi, yana ɗora rahoton kowane mataki. Kamfanin duba aiki na ɓangaren inshora shi ma yana zuwa nasa zagayen. Duk matakin da aka zuba ba a kira su ba, gibi ne a fayil, kuma gibin ba ya nuna kansa sai ranar neman takardar ƙarshe.

Shagunan suna da tsayi, sun haura mita biyar. Ɗan kwangilar ya duba ya ce wa babban wan asara ce a bar wannan sarari, zai yi masa mizanin, wato rabin bene a cikin shagon ƙarshe, da ƙarfe da katako, wurin zaman masu cin tsire, a farashin da bai taka kara ya karya ba. "Kowa haka yake yi, Alhaji, in an gama sai a daidaita." Aka yi shi bayan zuwan mai sa ido na ƙarshe a wannan hawa. Aka kuma huda bangon gefe aka fitar da ƙofa ta biyu zuwa ƙaramin layin, don masu saye su riƙa tsayawa ta can.

Mizanin ba haramun ba ne. Ana ba da izininsa idan tsayin shagon ya isa, faɗinsa bai wuce kason da aka yarda ba, matakalarsa daga cikin shagon take, kuma an lissafa nauyinsa. Matsalar wannan ita ce ba ya cikin lasisi. Ya ƙara faɗin da ake lissafawa, ya ƙara yawan mutanen da za su zauna, ya canza lissafin hanyar fita idan wuta ta tashi, ya ƙara adadin motocin da ake nema. Ƙofar gefen kuwa ta fi shi muni, don shago ta titin kasuwanci ake buɗe shi, ba ta layin da ƙofofin gidajen mutane suke ba.

Da aka gama, ofishin sa ido ya zo dubawar ƙarshe domin neman shahadar ishgal, takardar da ke cewa an gina abin da aka ba da izini kuma ya dace a shiga. Injiniyan ya tsaya a bakin shagon ƙarshe, ya ɗaga kai ya kalli ƙarafan, ya buɗe zanen a wayarsa, ya mayar da ita aljihu. Ya ce ba zai sa hannu ba. Babban wan ya ji haushi ƙwarai, har ya yi zancen canza ofis. Amma injiniyan da ya shaida abin da ba haka yake ba rajistarsa ya sa a caca, kuma ofis na biyu ma abin da zai gani ke nan. Ba shahadar ishgal, ba wutar dindindin. Gidajen sama huɗu da aka riga aka yi wa alkawarin masu haya suka zauna a kulle, saboda rabin bene ɗaya a ƙasa.

Hanyoyi biyu ne a irin wannan hali: a rushe abin da aka ƙara a koma kan zane, ko a nemi gyaran lasisi a shigar da shi, a biya tarar saɓawa idan an rubuta ta, muddin abin yana cikin wanda tsarin wurin ya yarda da shi. Ƙofar gefe ba ta da hanya ta biyu, aka toshe ta da bulo. A kan mizanin aka tsaya lissafi, kuma a lokacin ne, shekara biyu bayan waccan zama ta ofis, aka gaya wa injiniya dalla-dalla cewa gidan gashi za a yi.

Lasisin sana'a

Ƙaramin ƙanen, wanda shagon zai zama nasa, bai jira ba. Ya riga ya fitar da sijil tijari, rajistar kasuwanci ta Ma'aikatar Kasuwanci, ya ɗauka da ita za a buɗe. Sijil shaida ce cewa kana da kasuwanci da suna da nau'in sana'a. Izinin yin sana'ar a wani shago takamaimai na baladiyya ne, kuma shi ma ta Balady ake nemansa. Can ake haɗa sijil da lambar lasisin ginin da shaidar cewa wurin naka ne ko ka kama haya, a shigar da faɗin shago da girman allon suna da wurin a taswira.

Abu uku suka tare shi tun a allon waya. Na ɗaya, a sijil ya zaɓi sayar da nama, yana ganin ai nama ne. Sayar da ɗanyen nama sana'ar mahauta ce mai sharuɗɗanta, gasa shi a miƙa wa mai ci kuma tana cikin sana'o'in gidajen abinci. Lambar sana'ar da ke sijil ita Balady ke ɗauka ta jero sharuɗɗa, don haka sai da ya koma ya gyara. Na biyu, shagon ba nasa ba ne shi kaɗai, na magada takwas ne, sai da wakilinsu ya rubuta masa haya ta kasuwanci a manhajar Ejar, da lambar shagon da faɗinsa daidai da na lasisin gini. Wannan ya yi wa wasu cikin dangi nauyi, wai ɗan'uwa zai yi haya a gidan ubansa. Amma ko ba don baladiyya ba, takardar ta raba gardamar da za ta taso gaba. Na uku shi ne babba: ginin ba shi da shahadar ishgal.

Bayan waɗannan akwai difa'ul madani, hukumar kashe gobara da kariya, wadda ake bi ta manhajar Salamah. Wurin da ke da wuta a buɗe ba ya cikin sana'o'in da ake wucewa da su sama-sama. Ana son kamfani mai izini ya sa kayan kariya ya ba da rahoto, da yarjejeniyar kula da su: na'urar gano hayaƙi da zafi, fitilar gaggawa da alamar mafita, tukwanen kashe gobara har da irin na wutar mai da kitse, bargon wuta, da na'urar da ke feshi da kanta a cikin rumfar hayaƙi. Tukwanen gas, idan akwai, a waje suke zama cikin akwati mai iska. Gawayi kuma wuri busasshe na daban, nesa da tukuba, da garwar ƙarfe mai murfi ta zuba toka, domin tokar da ake gani ta mutu takan kwana da wuta a cikinta.

Na baladiyya kuma: bango da ƙasa masu wankuwa, teburan ƙarfe marasa tsatsa, wurin wanke hannu daban da na wanke kaya, raba wurin ɗanyen nama da na gasasshe, nama mai hatimin mayanka, yarjejeniyar kwashe shara da ta feshin ƙwari, kyamarori, gangaren keken guragu a ƙofa, allon suna da Larabci daidai da sunan da ke sijil, da na'urar biya ta Mada wadda kowa ke ce wa shabaka. Kowane ma'aikaci da ke taɓa abinci sai da shahadar lafiya, bayan gwaji da ɗan horo. Hukumar abinci da magunguna ta wajabta rubuta adadin kuzarin abinci a jerin farashi tun 2019, da kuma bayyana abubuwan da ke tayar wa wasu da rashin lafiya. Wannan ya shafi mai tsire kai tsaye, don garin ƙuli-ƙuli gyaɗa ce, kuma gyaɗa na cikin waɗannan abubuwan. Bahaushe ya san da ita a tsire, amma baƙon da ya biyo ƙamshi bai sani ba.

Wanda ya iya gashin

Akwai wani abu da dangin ba su so a ɗaga ba, kuma shi ya fi duk sauran haɗari. Ƙanen da sunansa ke sijil ma'aikaci ne, bai iya tsire ba. Gwanin ɗan kawunsu ne daga Kano, mai igama, takardar izinin zama, wadda aka rubuta masa direban gida a ƙarƙashin wani kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa. Shirin shi ne shi zai riƙe shago, ya sayi nama, ya karɓi ciniki, a ƙarshen wata ya miƙa wani abu tsayayye ga mai suna. A gida ana kiran wannan taimakon zumunci. A doka sunansa tasattur, wato ɗan ƙasa ya ba baƙo inuwar sunansa ya yi kasuwanci don kansa. Dokar da aka sabunta a 2020 ta kai hukuncinsa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar a iyakarsa, ga rufe wuri da soke rajista, baƙon kuma a fitar da shi daga ƙasa. Yanzu da ciniki ke bi ta shabaka da fatura, wato rasit, ta lantarki, gane wanda kuɗi ke shiga hannunsa ba ya wahala. Ko ba a kai ga tasattur ba, direban gida da aka samu yana aiki a shago ya saɓa dokar aiki da zama, shi da wanda ya sa shi.

Tsohuwar ce ta yanke maganar. Ta ce wa autan nata: "Kai ɗan nan, in shagon naka ne ka zauna a cikinsa. In ba za ka iya ba, kada ka sa ɗan ɗan'uwana a bakin kura." Aka bi hanya mai tsawo: buɗe fayil ɗin ma'aikata na shagon, neman yardar kafilinsa, mayar da shi ƙarƙashin shagon da sana'ar da ta dace da girki bisa sharuɗɗan da ake bi, rubuta masa kwantiragi a Qiwa, manhajar gwamnati ta harkar ma'aikata, albashi ta banki. Asusun ciniki da sayen nama da biyan haya suka zauna a hannun mai sijil. In yana so ya ƙara masa lada a kan ciniki, ana rubutawa a kwantiragi.

Yadda aka warware

Injiniyan ya zana gyaran lasisi guda ɗaya da ya haɗa komai, maimakon a yi ta komawa. Ya mayar da shagon ƙarshe gidan abinci. Da ya lissafa motoci ya ga mita 6 na gaba ba za su ɗauki gidan abinci mai wurin zama sama da ƙasa ba tare da sauran shaguna biyu da gidaje huɗu. Ya ba su zaɓi biyu: ko dai a cire mizanin a yi wurin saye a tafi da shi, ko a haɗe shaguna biyu a rage masu haya. Suka zaɓi na farko. An kwance ƙarafan cikin kwana biyu, an sayar da su a kilo, kuɗin da aka kashe a kansu bai dawo ko rabi ba.

Bututun hayaƙin ya fi ba da wuya. Ta ciki ba hanya, don huda dakalin kowane hawa a wurin na nufin yanke rodi kusa da ginshiƙi, kuma injiniyan ƙashin gini ya ƙi, inshora ma ba za ta ɗauki abin da aka huda bayan dubawarta ba. Ta gaba ba a yarda ba. Aka bi da shi ta bangon baya, cikin ja-bayan da ke tsakaninsu da maƙwabcin nan mai katanga, bututu mai riɓi biyu da abin hana zafi a tsakani, an ɗaure shi da bango har ya wuce rufi, da injin zuƙa a sama da matatar hayaƙi a ƙasa. Kafin ya kai bangon bayan sai da ya yi tafiyar kwance ta kusan mita tara a ƙarƙashin silin, kuma tafiyar kwance nan ce maiƙo ke kwanciya, shi ya sa aka sa ƙofar shara a kowace kwana da injin da ya fi wanda aka yi niyya ƙarfi. Tagar kicin ɗin gida ɗaya a sama sai da aka matsar. Don tarkon maiƙo aka fasa tayil ɗin da ba a taɓa takawa ba, aka ja sabon bututu zuwa gaba. Aka sake lissafin nauyin wuta, aka canza wayar da ke shiga shagon da allon rabawa tun kafin a nemi mita, wanda shi kaɗai ne gyaran da ya zo a kan lokaci.

Gyaran lasisi ya fito, mai sa ido ya sa hannu, inshora ta rufe fayil, shahadar ishgal ta biyo baya, aka kawo mitoci, masu haya suka tare. Lasisin shagon bai ɗauki kwanaki ba da sauran suka cika. Mai duba na baladiyya ya zo bayan buɗewa, ya ɗaga murfin tarkon maiƙo, ya nemi shahadar lafiyar ma'aikata biyu, ya sa a kunna injin hayaƙi ya riƙe 'yar takarda a bakin rumfa ya ga ta manne. Abu ɗaya ya rubuta: an fito da benci biyu an ajiye a wurin motoci. Ya ba su wa'adi, aka mayar da su ciki a daren.

Shago na tsakiya har yanzu ba kowa. Wani ya zo yana son buɗe wurin wanki da guga, babban wan ya ce masa ya dakata, ya ɗauki waya ya kira injiniya ya tambaye shi ko tukunyar tururi da magudanar wurin wanki za su shiga abin da ke rubuce a lasisi.